Bindiga da Barasa: Inda Ya Kamata Doka Ta Shata Iyaka

A ƙofar mashayun jihar Teksas da ke Amurka akwai wani allo da doka ta wajabta a kafa, an rubuta 51% da jan launi ɓaro-ɓaro a tsakiyarsa. Ma'anarsa ita ce kashi 51 cikin ɗari ko fiye na kuɗin shigar wannan gida daga barasar da ake sha a nan take yake fitowa. Duk wanda ya tsallaka dokin ƙofar da bindiga a jikinsa, ko yana da lasisi, ko da ruwa zalla ya zo sha, ya aikata babban laifin da zai iya jawo masa ɗaurin shekara 2 zuwa 10. Amma in babban kanti ya shiga sayen madara da burodi, ga kwalaben giya jere a kan kanta a rufe, kwalaben nan ba su mai da shi mai laifi ba. Maƙwabciyarta Niyu Meziko ta fi tsanantawa. A can, wanda ya rataya bindiga a bayyane ya shiga kantin da ke da lasisin sayar da barasa, ko da kantin gidan mai ne, zai iya shan ɗaurin wata 18. A Tenesi kuwa, tun 2010 mai lasisi na iya shiga mashaya da bindigarsa, muddin bai kurɓa ba kuma mai gidan bai kafa sanarwar hani ba. A ganina, cikin waɗannan hanyoyi uku ta Teksas ce ta fi kusa da hankali: a hana makami shiga inda mutane ke zama su sha, a ƙyale wurin da ake sayen kwalba a rufe a wuce, sannan doka ta bi mai maye da makami duk inda ya sa ƙafa.

Abin da ya haifar da wannan bambanci shi ne gwamnatin tarayyar Amurka ba ta yi dokar da ta shafi ɗaukar bindiga a wuraren sayar da barasa ba, kowace jiha gashin kanta take ci. Gyara na biyu da aka yi wa kundin tsarin mulkin ƙasar a 1791 ya ba jama'a 'yancin mallakar makami, kuma a shari'ar Heller ta 2008 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa haƙƙi ne na kowane mutum a kan kansa. Sai dai alƙalin da ya rubuta hukuncin, Antonin Scalia, wanda ba a taɓa zarginsa da ƙin bindiga ba, ya bayyana cewa haƙƙin yana da iyaka, har ya kawo misalin makarantu da gine-ginen gwamnati a matsayin wuraren da za a iya hana shiga da makami. Bai ambaci mashaya ba, kuma a kan wannan gurbi ake ta fafatawa har yau. Wani abin mamaki kuma, dokar tarayya ta 1968 ta haramta wa mai ta'ammali da miyagun ƙwayoyi mallakar bindiga, amma ta yi gum game da mashayin giya, alhali hukumar da ke kula da harkar bindigogi a ƙasar, ATF, da kalmar barasa sunanta ya fara.

Shirun nan na doka ya saɓa wa abin da asibitoci da ɗakunan binciken gawa suke nunawa. Charles Branas da abokan aikinsa sun tattara binciken da aka yi na shekaru arba'in suka wallafa a 2016, suka gano cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda harsashi ya kashe a Amurka sun sha barasa dab da mutuwarsu, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu kuma sun sha ne sosai. A Kalifoniya, masana na jami'ar jihar da ke Davis sun bi diddigin mutum kusan 80,000 da suka sayi ƙaramar bindiga bisa ƙa'ida a 2001, har zuwa 2013. A cikin waɗanda ba su da tarihin laifi, kashi 2 cikin ɗari ne aka kama daga baya da manyan laifukan ta da hankali irin su kisa da fashi. A cikin waɗanda aka taɓa samu da laifin tuƙi cikin maye, kashi 9 ne. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Barasa tana kwance linzamin da ke riƙe mutum, tana kambama ƙaramin raini ya zama cin mutunci, tana rage saiti da saurin tunani, tana kuma ƙara wa mai ita ganin cewa ya fi kowa iyawa. Faɗan da zai ƙare da fashewar leɓe da yagewar riga, in akwai bindiga a ƙugu, sai ya ƙare da gawa, domin tsakanin fushi da jan kunama bai kai ƙiftawar ido ba, harsashi kuma ba ya komawa in an yi nadama.

Masu goyon bayan tsarin Tenesi ba su musanta wannan ba. Cewa suke yi laifin na sha ne, don haka a hukunta mai sha, a ƙyale wanda ya shiga cin abinci da iyalinsa ko sauraron kiɗa yana shan lemo. A kan wannan hujja Bajiniya ta sassauta dokarta a 2010, Ohayo ta biyo baya a 2011, Jojiya kuma a 2014 ta buɗe wa masu lasisi ƙofar mashaya sai inda mai gida ya ce a'a. Maganar tana da daɗin ji, amma ba ta aiwatuwa. Bindigar da ake magana a kai a ɓoye take, ƙarƙashin riga ko cikin jaka. Mai zuba giya ba shi da hanyar sanin wa ke ɗauke da ita cikin ɗaruruwan da ke miƙo masa kuɗi, kuma ba wanda ya ɗora masa aikin caje kowa kafin ya cika kofi. Ke nan dokar da ta ce shiga amma kada ka sha ba ta da mai gadi sai zuciyar wanda aka kafa wa ita, ba kuma a sanin an karya ta sai an ji ƙarar harbi. An ba wa kura ajiyar nama, an ce ta yi alkawari. Tenesin ma ta ga misali a gida. Ɗan majalisar da ya jagoranci dokar, Curry Todd, wanda ya sha tabbatar wa abokan aikinsa cewa masu lasisi mutane ne masu kamun kai, an kama shi a Nashville a watan Oktoban 2011 yana tuƙi cikin maye da bindiga cike da harsashi a gefensa, daga baya kuma ya amsa laifinsa a kotu.

Ko da an ɗauka mai bindigar ya cika alkawari bai sha ba, matsalar ba ta ƙare ba, domin ba shi kaɗai ne a ɗakin ba. Yana zaune ne a tsakiyar mutanen da suka yi tatul, cikin duhu da ƙarar kiɗa da cunkoso, inda taka ƙafa ko kallon budurwar wani ya isa ya ta da rigima. In bugagge ya cakume shi, zaɓi biyu ne ke gabansa: ya zaro makamin kafin a ƙwace, ko a ƙwace a juya masa. Kasancewar bindigar a wurin ita ta mai da dambe ya koma batun rai. Wannan ne bambancin mashaya da babban kanti, kuma shi ya sa dokar da ta tsaya kan halin mutum ɗaya kawai ba ta wadatar ba. Ba a shiga rumbun auduga da fitilar aci-bal-bal don kawai mai riƙe da ita ya ce hannunsa ba ya rawa.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wancan ɓangare ita ce ta kare kai, kuma bai kamata a raina ta ba. A Oktoban 1991 wani mutum ya kashe mutum 23 a gidan cin abinci na Luby's da ke Killeen a Teksas. Suzanna Hupp, wadda iyayenta biyu suna cikin mamatan, ta bar bindigarta a mota saboda bin dokar wancan lokaci, kuma shaidarta na cikin abin da ya sa jihar ta yi dokar ba da lasisin ɗaukar bindiga a 1995. A Yunin 2016 an kashe mutum 49 a gidan rawa na Pulse da ke Orlando, a jihar Fulorida da ta hana bindiga a sashen shan giya. Masu wannan ra'ayi suna cewa mugu ba ya karanta allo, mai bin doka ne kaɗai allon ke kwance wa ɗamara. Amsa ta farko ita ce, dokar Teksas ta 1995 da ta tsiro daga jinin Killeen, ita da kanta ta ware mashaya, kuma ko da jihar ta soke wajabcin lasisi a 2021 ba ta sauke jan allon ba. Ta biyu, a Pulse akwai ɗan sanda mai makami da ke gadi, ya yi musayar wuta da maharin, amma maharin ya kutsa. Ta uku, binciken cibiyar RAND kan 'yan sandan birnin Niyu Yok daga 1998 zuwa 2006 ya nuna cewa idan ana musayar wuta, kashi 18 cikin ɗari ne kacal na harsasansu ke samun wanda suka auna. In haka ƙwararru masu horo suke, ina sauran harsasan farar hula za su sauka a ɗakin da ya cika maƙil? Hatta Wayne LaPierre, jagoran ƙungiyar NRA mai fafutukar 'yancin bindiga a lokacin, ya faɗa a talabijin bayan harin Pulse cewa bai ga dacewar bindiga a inda ake shan giya ba, ko da yake daga baya ya sassauta maganar. Kisan gilla irin na Pulse jefi-jefi yake aukuwa, faɗan mashaya kuwa na kowane daren Asabar ne, kuma doka tana auna abin da ya fi yawan aukuwa.

Akwai kuma masu kafa hujja da alƙaluma. Shekara guda bayan sassaucin Bajiniya, jaridar Richmond Times-Dispatch ta duba bayanan 'yan sanda ta ga laifukan bindiga a mashayu da gidajen abinci sun ɗan ragu da kusan kashi 5 cikin ɗari. Gaskiya ne jinin da wasu suka yi hasashen zai malala bai malala ba, kuma masu adawa da dokar sun zuzuta tsoro fiye da kima. Amma bambancin 'yan ƙararraki ƙasa da goma ne a shekara ɗaya, a lokacin da laifuka ke raguwa a faɗin ƙasar, irin wannan kuwa ba ya tabbatar da komai ta kowane ɓangare. Gwajin da ya fi girma a Kolombiya aka yi shi. Rodrigo Guerrero, likita masanin yaɗuwar cututtuka da ya zama magajin garin Kali a 1992, ya lura cewa kisa yana taruwa ne a ƙarshen mako da ranakun biki, lokacin da albashi ya shiga aljihu kuma mashayu suka cika. Sai aka hana ɗaukar bindiga a waɗannan ranaku, har ga masu lasisi, 'yan sanda suna caje mutane a shingaye. Bogota ta bi sahu. Binciken da aka wallafa a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka a 2000 ya nuna kisa ya ragu da kashi 14 cikin ɗari a Kali da kashi 13 a Bogota a ranakun hanin. Darasin shi ne raba makami da lokacin sha da wurin sha yana ceton rai, matuƙar akwai mai tsayawa a ƙofa ya tabbatar.

Tun hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Bruen a Yunin 2022, wanda alƙali Clarence Thomas ya rubuta, duk dokar bindiga a Amurka sai ta nuna tana da tushe a tarihin ƙasar kafin kotu ta bar ta. Wasu sun ɗauka hanin shiga mashaya zai faɗi a wannan jarrabawa, domin finafinan kaboyi sun cusa wa duniya hoton mutum yana shan giya da bindiga biyu a ƙugu. Tarihin gaskiya ya bambanta da fim. Garin Dodge City ya hana yawo da bindiga a cikin gari a 1878, Tombstone ta yi haka a 1881, kuma shahararren artabun da aka yi kusa da O.K. Corral a Tombstone a Oktoban 1881 ya tashi ne a ƙoƙarin karɓe makaman waɗanda suka karya dokar. Kansas ta haramta wa bugagge ɗaukar bindiga tun 1867, Oklahoma kuma a 1890 ta hana shiga da ita inda ake sayar da barasa. Mutanen da suka rayu da bindiga dare da rana su ne suka fara gane cewa ba ta zama inuwa ɗaya da kwalba. Da irin waɗannan dokoki kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta amince a Disamban 2023 da hanin da jihar Niyu Yok ta kafa a wuraren shan barasa, wata kotun kuma ta yi haka ga Hawai da Kalifoniya a Satumban 2024.

To in haka ne, me zai hana a faɗaɗa hanin ya game duk inda aka ga kwalba? A nan ne nake rabuwa da Niyu Meziko. A Amurka ana sayar da giya a manyan kantunan abinci, da kantunan gidajen mai, har da wasu shagunan magani. Ba a sha a wurin, ba a zama, mutum ya biya ya wuce. Dalilin da ya halatta hani a mashaya, wato taron bugaggu a wuri ɗaya, babu shi a nan. Abin da ya rage kawai tarko ne ga wanda bai san cewa a lungun kantin akwai firjin giya ba, ya shiga biyan kuɗin mai ya fito da babban laifi a wuyansa. Doka kuma ta bar wanda ke da lasisin ɓoye makami ya shiga wannan kanti, ke nan ita ma ta yarda kwalbar da ke rufe ba ta bugar da kowa. Sannan duk wurin da aka hana shiga da bindiga, an tura ta ne zuwa mota, mota kuwa ita ce rumbun ɓarayi: nazarin da ƙungiyar Everytown ta yi wa alƙaluman FBI ya nuna fiye da rabin bindigogin da aka kai rahoton sacewa a 2022 daga motoci aka ɗauke su. Wannan farashi ne da za a iya biya domin 'yan awannin dare a ƙofar mashaya. Biyansa a ƙofar kowane kanti kullum asara ce, kuma dokar da ta yi yawa har ta rasa ma'ana takan koya wa jama'a raina sauran dokokin.

Adalci ya wajabta a kawo hujjar da ke neman rushe wannan matsayi nawa. Wani binciken Branas a Filadelfiya, wanda aka wallafa a 2009, ya gano cewa kasancewa a unguwar da ta cika da shagunan sayar da barasa ta tafi-da-gidanka yana ninka haɗarin a harbi mutum sau biyu, alhali yawan mashayu bai nuna irin wannan ƙari ba. Sai dai in an duba da kyau, haɗarin a bakin titi yake, inda ake buɗe kwalbar a sha a tsaye, ba mai gadi, ba mai cewa ya isa haka. Allon da aka kafa a jikin ƙofa ba shi da iko a kan titi. Maganin wannan shi ne rage yawan lasisin shaguna a unguwa ɗaya, da taƙaita lokacin sayarwa, kamar yadda garin Diyadema na Birazil ya yi a 2002 da ya hana sayar da barasa bayan ƙarfe 11 na dare, bincike kuma ya nuna an samu ragin kisa kusan tara a kowane wata. Sai kuma dokar da ke bin mutum: ɗaukar bindiga cikin maye ya zama laifi ko'ina, da ma'aunin barasa a jini bayyananne kamar na tuƙi, wanda kuma aka sha kamawa da tuƙi cikin maye a dakatar da haƙƙinsa na wasu shekaru. Kotun Ƙoli da kanta, a shari'ar Rahimi ta 2024, alƙalai takwas cikin tara sun yarda ana iya raba mutum da makami na wani lokaci in an tabbatar barazana ne ga wasu.

Wannan muhawara ba ta yi mana nisa kamar yadda ake zato ba. A watan da aka yanke hukuncin Bruen, gwamnatin Zamfara ta yi kira ga jama'arta su nemi lasisin bindiga don kare kansu daga 'yan bindiga, kuma irin wannan kira bai daina fitowa daga bakin manya ba. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta riga ta hana ba da lasisi ga wanda aka sani da ɗabi'ar shaye-shaye, abin da dokar tarayyar Amurka ba ta yi wa mashayin giya ba. Amma maye a wurinmu ya wuce na kwalba. Akwai tiramol, akwai kodin da gwamnati ta hana haɗa maganin tari da shi a 2018, akwai sauran abin da matasa ke afawa. Duk mai kiran a ba jama'a makami, ko a ƙara wa 'yan sa-kai, wajibi ne ya faɗa mana tun yanzu wa zai tantance hankalin mai riƙewa, da kuma wuraren da makamin ba zai shiga ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Iyakar Teksas ba ta rasa aibi ba. Lissafin kashi 51 na akanta ne, kuma akwai gidajen abincin da ke komawa mashaya in dare ya raba, alhali littafinsu na nuna abinci ya fi yawa. Gyaran wannan shi ne a haɗa da tsarin Fulorida, a hana makami a sashen da aka keɓe don sha ko da a gidan abinci ne. Amma tushen daidai yake. Inda ake zama a sha, bindiga ta tsaya a waje, ko mai ita waliyyi ne. Inda ake sayen kwalba a rufe, a bar mai bin doka ya yi cefanensa. Wanda kuwa aka samu da maye da makami a tare, a karɓe makamin a gurfanar da shi, ko a mashaya aka same shi ko a bakin titi.